Lambobin GPS: Kafin a Ɗora Wa Na'ura Laifi, a Duba Yadda Aka Zuba Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna neman aron fili a jaridarka domin mu yi magana da masu riƙe na'urar GPS a bakin aiki a jihohin Gombe da Bauchi, wato malaman gona, masu haƙa rijiyar burtsatse, ma'aikatan rigakafi, masu duba ayyukan kwangila, dillalan filaye da ɗaliban awon ƙasa. Ƙorafin da ya yi yawa shi ne a turo wa mutum lambobin wuri a takarda ko ta WhatsApp, ya zuba su a na'ura, ta kai shi wani wajen daban, sai a ce ta lalace. Galibi lafiyarta ƙalau. Na'urar hannu irin Garmin eTrex, in tana fili ba rufi a kanta ba inuwar bishiya, kuskurenta bai cika wuce mita 3 zuwa 5 ba. Duk wanda ya ga ya kauce da mita ɗari ko kilomita ashirin, to ya koma ya duba yadda lambobin suka shiga.

Kowane wuri lamba biyu gare shi: latitud, wadda za mu riƙa kira lambar arewa, da lonjitud, lambar gabas. Iri uku ake rubuta su da digiri. Ga wani wuri a cikin garin Gombe a dukkan ukun. Digiri da ɗigo: 10.28970 arewa, 11.16730 gabas, wannan shi ne abin da Google Maps da manhajar tattara bayanai ta KoboCollect suke bayarwa. Digiri da minti mai ɗigo: 10°17.382' da 11°10.038', a kan wannan yawancin na'urorin Garmin suke fitowa daga kwali. Digiri da minti da sakan: 10°17'22.9" da 11°10'02.3", shi aka fi gani a rahotanni da gefen taswira. Wuri ɗaya ne, bai motsa ko taku ɗaya ba.

Lissafin juya su na ɗan firamare ne, abin da kawai za a riƙe shi ne digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60. Ba ɗari ba. In daga digiri da ɗigo aka taso, a ajiye lambar da ke gaban ɗigon, a ninka abin da ke bayansa da 60: 0.28970 sau 60 ya ba da 17.382, an samu minti. Ana son sakan, sai a sake ninka 0.382 da 60, a samu 22.9. In kuma komawa baya za a yi, rabawa ake yi. Ɗauki wani wuri a garin Bauchi, 10°18'57" arewa, 9°50'39" gabas. Minti 18 a raba da 60, 0.3 ke nan. Sakan 57 a raba da 3600, ya ba da 0.015833, a haɗa da 10 a samu 10.315833. Ta gabas kuma 9.844167. Mai jerin wurare da yawa ya sa digiri da minti da sakan a gurabe uku na Excel, A da B da C, a na huɗu ya rubuta =A2+B2/60+C2/3600, ya ja ƙasa.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Mutum yana riƙe da 10.28970 da 11.16730, na'urarsa kuma tana kan tsarin minti. Bai lissafa komai ba, sai ya bi gurabe yana cikewa: 10°28.970' da 11°16.730'. Na'ura ta karɓa ba gardama, domin 28 da 16 duk ba su kai 60 ba. Wurin da ta nuna masa yana kilomita 21 arewa, kilomita 12 gabas da inda ake nufi, wato kusan kilomita 25 daga garin Gombe. A Bauchi akan yi sa'a wani lokaci, saboda 9.844 in aka tura shi haka zai zama minti 84, na'ura kuma ba ta karɓar minti 84. Amma lambar arewan, 10.3158, tana shigewa a matsayin 10°31.58', ta jefa mutum kilomita 23 arewa. Saboda haka shirun na'ura ba shaida ba ce cewa an yi daidai.

Ƙaramin ɗan'uwan wannan kuskure ya fi shi wuyar ganewa. A ga 17.382' a karanta shi minti 17 da sakan 38.2, alhali sakan 22.9 ne. Bambancin sakan 15.3 ne, kowane sakan kuwa a yankinmu ya kai kusan mita 31, kenan an kauce da mita 470. Mai neman ƙauye ba zai ma lura ba. Mai neman inda masanin ruwan ƙasa ya ce a kafa injin haƙa, shi ne zai haƙa a gonar wani, kuma mai yiwuwa a kan dutsen da ba ruwa. Yana da kyau kowa ya haddace awon nan: digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 110.6 ne a nan, na gabas kusan 109.5, minti ɗaya kusan kilomita 1.84, lamba ta biyar bayan ɗigon digiri kusan mita ɗaya, ta huɗu mita 11, ta uku mita 110. Wanda ya turo maka 10.29 da 11.17 unguwa ya ba ka, ba ƙofar gida ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu fiye da sauran sassan ƙasar nan, ita ce musanya lambobin biyu. Mutumin Legas in ya juya 6.5 da 3.4, wurinsa cikin teku zai faɗa, nan take ya gane. Mu kuwa lambar arewanmu da ta gabas duk a kewayen 10 suke. Juya lambobin garin Bauchi, su zama 9.844 arewa da 10.316 gabas, sai ka sauka wajen dajin Yankari, kimanin kilomita 73 kudu maso gabas, kuma kana nan cikin jihar. Juya na Gombe, ka sauka a jihar Bauchi, yankin Darazo da Misau, kusan kilomita 137 daga inda ake nufi. A taswirar ofis irin wannan ɗigo ba ya ɗaga wa kowa hankali, ana ganin ƙauye a kusa da shi, sai a sa hannu a wuce. Tushen abin shi ne manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan wadda za ta fara zuwa ba. Google Maps arewa yake so tukuna. Fayil ɗin KML na Google Earth da na GeoJSON gabas suke farawa da ita, haka ma duk inda aka ga X da Y kamar a manhajar zana taswira ta QGIS: X gabas ce, Y arewa. Maganinsa ba wuya, kada a taɓa rubuta lamba tsirara. A sa N a jikin ta arewa, a sa E a jikin ta gabas, a takarda ne ko a saƙon waya.

Haruffan ma a duba su a na'ura. Nijeriya gaba ɗaya N da E ce. In E ta koma W, lambobin Gombe ƙasar Gini za su nuna. In N ta koma S, tekun Atlantika ne daura da Angola. Sannan gurbin digirin gabas a Garmin lamba uku yake ɗauka, don haka E011 ake rubutawa a Gombe, E009 a Bauchi. Waɗannan ba su cika cutar da kowa ba, nisan da na'ura za ta nuna ya isa ya farkar da mutum.

Sai lambobin da ke cikin mita, waɗanda ake gani a takardar safiyo da haruffan mE da mN a jikinsu. Nan ma iri biyu ne, kuma ana yawan ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. Na farko UTM, wanda ya yanka duniya zon-zon, kowanne faɗin digiri 6. Bauchi da Gombe suna zon 32, wanda ya kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, tsakiyarsa digiri 9. Wanda ya nufi Biu ko Yola ya tsallaka digiri 12, ya shiga zon 33. A UTM wurin nan na Bauchi kimanin 592,430 gabas ne da 1,140,450 arewa, na Gombe kuma kimanin 737,370 da 1,138,245. A lura, ta gabas lamba shida ce, ta arewa bakwai, shi ya sa Garmin take ƙara sifili a gaban ta gabas, ta nuna 32P 0592430. Harafin P yana nufin tsakanin digiri 8 da 16 arewa. A QGIS kuma 32N za a gani, N ɗin tana nufin arewacin duniya ne kurum; ba saɓani tsakaninsu. Kuskuren zon babba ne: lambobin Gombe a zon 33 cikin Chadi suke, a zon 31 kuma wajen Kontagora.

Na biyu shi ne tsarin gida, NTM, wanda ya raba Nijeriya shiyya uku, yamma da tsakiya da gabas, tsakiyar kowacce a 4°30', 8°30' da 12°30' gabas, ana kuma fara ƙirga arewa daga digiri 4, ba daga sifili ba. Iyakar shiyyar tsakiya da ta gabas ita ce 10°30', wadda matafiyi daga Bauchi zuwa Gombe yake ratsawa bayan ya wuce Alkaleri. Garin Bauchi na tsakiya ne, garin Gombe na gabas. A wannan tsari Bauchi kusan 818,000 gabas ce da 699,000 arewa, Gombe kusan 964,000 da 696,000. Hanyar ganewa ke nan da ido: in takardar fili ce ta jihohin nan biyu, lambar arewanta kuma ba ta kai miliyan ba, to ba UTM ba ce, kada a tura ta a gurbin UTM. Wanda kuma ya rikita shiyya, ya zuba lambobin Gombe a shiyyar tsakiya, ba Chadi zai faɗa ba. An tsara lambobin shiyyoyin ne su kusa haɗuwa, don haka da kusan kilomita 2 kawai zai kauce, kuma wannan ya fi haɗari domin yana cikin garin har yanzu.

Duk wannan siffar rubutu ce. A ƙarƙashinta akwai abin da ake kira datum, wato ma'aunin siffar duniya da aka ɗora lambobin a kai. Kamar a ce maka an auna hatsi kwano goma ne ba a faɗa maka kwanon wace kasuwa ba. GPS da wayoyi da Google Maps duk a kan WGS 84 suke. Tsofaffin taswirorin gwamnatin tarayya masu sikelin 1:50,000 da takardun safiyo masu yawa a kan datum ɗin Minna suke, wanda tushensa turken awo ne mai lamba L40 kusa da Minna, an kuma gina shi a kan siffar duniya ta Clarke 1880. Tsarin NTM kansa a kan Minna yake. UTM kuwa ana samunsa a kan kowanne, kuma a nan ne rikicin fili yake tasowa. Wanda ya ɗauki UTM na Minna ya zuba a na'urar da ke kan WGS 84, zai tsaya kusan mita 80 gabas da kusan mita 120 kudu da ainihin turken, jimillar kaucewa wajen mita 140. In da digiri aka rubuta, kaucewar wajen mita 80 ce, yawancinta ta gabas. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 da 100, mita 15 da 30 ne. Sai mai karatu ya lissafa fuloti nawa ke tsakanin inda mai saye yake tsaye yana rantsuwa da inda filinsa yake.

Ga yadda ake yi a na'ura, kuma jerin yana da muhimmanci. Tun kafin a taɓa maɓalli, a karanta takardar, a gano tsarin rubutun da datum. A takardar safiyo akan rubuta su a sama ko kusa da turken farko; a taswira suna gefen ƙasa. Sannan a shiga Setup, a zaɓi Position Format. Za a ga hddd.ddddd° na digiri da ɗigo, hddd°mm.mmm' na minti mai ɗigo, hddd°mm'ss.s" na sakan, da UTM UPS. A zaɓi wanda ya yi daidai da takarda. Daga nan a sauka Map Datum a zaɓi WGS 84 ko Minna, a kuma sake duba shi duk lokacin da aka sauya tsarin rubutu, domin wasu tsare-tsaren suna jan datum ɗinsu. Sai yanzu ne za a buɗe sabuwar alamar wuri, a gyara lambobinta, a ba ta suna, a adana. Na'urar tana ajiye komai a cikinta a WGS 84 ne, abin da aka zaɓa yana faɗa mata yadda za ta fassara abin da ake shigarwa a lokacin ne. Saboda haka wanda ya zuba lambobin Minna tana kan WGS 84, sannan ya je ya sauya datum daga baya, bai gyara komai ba. Lambobin allon ne za su canja, wurin yana nan a karkace. Sai an sake shigarwa.

Wannan hali nata yana da amfani ta wani ɓangaren. Na'urar kanta ta isa ta yi juyin, ba sai da intanet ba. A shigar da wuri yadda aka bayar da shi, a adana, a koma a sauya tsarin rubutu da datum zuwa wanda ake buƙata, a buɗe alamar a kwafe sabbin lambobi. Mun fi son wannan a kan shafukan juya lamba na intanet, domin da yawansu ba su san da Minna ba, WGS 84 suke ɗauka ba tare da sun tambaya ba.

NTM ba ta cikin jerin da aka saba gani, sai an shigar da ita da hannu ta User Grid, datum yana kan Minna. Shiyyar tsakiya: tsakiyar lonjitud E008°30.000', sikeli 0.99975, ƙarin gabas (False Easting a na'ura) 670553.98. Shiyyar gabas: E012°30.000', sikeli 0.99975 shi ma, ƙarin gabas 1110369.7. In na'urar tana da gurbin latitud na farawa, a sa digiri 4, ƙarin arewa (False Northing) ya zama sifili. In ba ta da shi, daga sifili take ƙirgawa, sai a sa ƙarin arewa kimanin -442153, da alamar ragi a gabansa. Mantawa da wannan yana tura wuri fiye da kilomita 440 kudu. Mai aiki da QGIS lambobin EPSG yake buƙata, wato lambobin da ake gane kowane tsari da datum da su: 4326 na WGS 84 a digiri, 4263 na Minna a digiri, 32632 da 26332 na UTM zon 32 a WGS 84 da Minna, 26392 da 26393 na shiyyar tsakiya da ta gabas. Manhajar za ta iya kawo hanyoyin juyawa fiye da ɗaya tsakanin Minna da WGS 84. Wadda aka fi sani tana amfani da gyaran mita -92, -93 da +122, amsoshinsu kuma suna iya bambanta da 'yan mitoci. A zaɓi ɗaya a tsaya a kanta har ƙarshen aikin, a rubuta ta a rahoto.

In wuraren suna da yawa, a daina bugawa da yatsa. A mayar da su digiri da ɗigo a WGS 84, a yi fayil ɗin GPX, wanda na'urar GPS ke karantawa, da QGIS ko BaseCamp ta Garmin, a tura ta kebul. GPX kullum a WGS 84 yake, ba ruwansa da abin da aka zaɓa a allon na'ura. Amma a yi hattara da Excel. In an saita gurbi ya nuna lamba biyu bayan ɗigo aka kuma adana a CSV, abin da ido ke gani shi ake adanawa, 10.28970 ya koma 10.29, sauran ya tafi ke nan. Takardun da suka fito daga Nijar ko Chadi ko Kamaru kuma sukan sa waƙafi a madadin ɗigo, 10,28970, a CSV kuwa waƙafi raba gurabe yake yi. A mayar da su ɗigo tun da wuri.

Kafin a zuba mai a mota, gwaji biyu. A buɗe wurin a taswira a ga ko yana ƙaramar hukumar da ake zato, gefen hanyar da ake zato. Sannan in aikin na fili ne, a je kan turken siminti da aka san lambarsa, a ɗora na'ura a kai ta yi minti biyu zuwa uku, a kwatanta. Bambancin mita 3 zuwa 5 na na'ura ne. Wajen 80 ko 140, datum ne. 'Yan ɗaruruwan mita, an rikita minti da sakan. Kusan kilomita 2, a duba shiyya. Gomman kilomita, an zuba digiri a gurbin minti ko an juya lambobin.

Muna kira ga ofisoshin da ke raba fom ɗin aiki, na gwamnati da na ƙungiyoyi, su ƙara gurabe biyu kusa da na lambobi, ɗaya na tsarin rubutu, ɗaya na datum, su kuma buga N da E a jikin fom ɗin. Jihohin nan ba su rasa masana ba: akwai hukumomin bayanan filaye, GOGIS a Gombe da BAGIS a Bauchi, akwai sashen awon ƙasa a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ga kuma cibiyar nazarin awon duniya ta hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a Toro. Horon yini ɗaya ga ma'aikatan fili ya isa a kan abin da muka zayyana. Ga masu sayen fili kuma, na'urar hannu ko waya za ta kai ku bakin fuloti, amma mita 5 ɗinta kashi ɗaya cikin uku ne na faɗinsa. Kafa turke da tsayar da iyaka aikin safiyo ne mai rajista da hukumar safiyoyi ta ƙasa, SURCON, da kayan awon da ke kama santimita.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan awon ƙasa da zana taswira,
Gombe.